Ƙwaryar Wanke Mai-Raɗa

Daga ƙanwarka Haske, a Filinge cikin ƙasar Kurfai, zuwa ga yayana Ibrah ɗan Alu, a zangon Hausawa na Kumashi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Dija da 'ya'yanku da har yau ban sa su a ido ba. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin kurmi, ya sa albarka a cinikin goronka, ya nuna mana ranar da za ka sake shan ruwan rijiyarmu. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ke damunta in an yi sanyi, amma bakin yana nan yadda ka bar shi. Damina ta yi kyau bana, geron gonar tudu ya cika rumbu biyu, wake ne dai bai yi abin kirki ba. Akuyar da ka bar wa Inna ta mutu tuni, amma jikokinta sun kai tara. Takardarka ta iso ranar Laraba a hannun Idi mai jakuna, tare da goro da zane. Goron na raba wa dangi, zanen kuwa yana nan a naɗe, zan zo kansa daga baya. Malam Alhassan ne ke rubuta mini, na kuma roƙe shi kada ya sassauta mini magana, abin da bakina ya faɗa shi zai sa a takarda.

Yaya, na ji duk abin da ka rubuto, har sau biyu na sa aka karanta mini. An gaya maka maigidana ya tona asirin gidanmu a bainar jama'a, Baba Magagi ƙanen mahaifinmu yana son a raba auren, kai kuma ka ce in na ga dama in biyo ayarin Idi in zo wurinka in huta. To bari in ba ka amsa tun yanzu, don kada ka sha wahalar nemanta a ƙarshen takarda: ba zan zo ba, kuma ba wanda zai raba aurena. Amma tunda labarin ya zo maka rabi, tilas in cika maka sauran, har da wurin da ni kaina na yi abin kunya.

Shekararka goma sha huɗu da barin gida, ƙila ka fara manta wasan da muke yi in an gama kai gero rumbu, Dija kuma ba ta taɓa ganinsa ba, to saboda ita zan faɗa. Bayan la'asar ake taruwa a filin bakin ƙofar gari. Maza ne ke yin komai, wani ya fito a miji, wani ya ɗaura zane ya fito a mata, ga surukai, sannan ga Mai-Raɗa. Shi ne wanda ake shafa wa baƙin tukunya da aka kwaɓa da man shanu a fuska, yana zagaya gidan wasan, ya sa baki a kunnen miji, ya koma ya sa a kunnen mata, har gidan da ke zaune lafiya ya kama da wuta. In asirinsa ya tonu a ƙarshe, jama'a su bi shi da karan gero su kore shi bayan shinge, ya je gindin gawon nan na bakin rijiya ya zauna. Daga nan ba ya shiga gari, ba a cin tuwo da shi, ba a amsa masa sallama, sai washegari da hantsi matarsa ta gaskiya ta je da sabuwar ƙwarya da sabulun toka ta wanke masa fuska, ta kira shi da sunansa na yanka da ƙarfi kowa ya ji. Alwala ba ta fid da wannan baƙin, kuma ba hannun da aka yarda ya fid da shi sai na matarsa. Ka san mu ba ma kama sunan miji, to a shekara rana ɗaya ke nan da nake kama shi. Uban maigidana ne ke yin Mai-Raɗa a zamaninka, da ya rasu ɗansa ya gada, kuma sau takwas ina kai ƙwarya bakin rijiya ban taɓa makara ba.

Wanda ba ka sani ba shi ne Na'Allah, don bayan tafiyarka Nasara suka kafa barikinsu nan, suka zo da shi tafinta. Mutum ne mai fara'a, mai farar riga, ba ka taɓa jin muryarsa ta ɗaga. In zai yi magana sai ya karkata kai gefe, ya riƙa shafa haɓa da yatsa biyu. Kuma wallahi ban taɓa kama shi da ƙarya ba, tambaya kawai yake yi. Ka tuna Sule maƙeri da Ladi, ƙawata tun muna tallan gyaɗa? Ladi na kai fura ƙofar bariki tana sayarwa. Na'Allah ya je maƙera gyaran linzami, ya tambayi Sule wai ƙwaryar fura ɗaya takan kai mutum har azahar kafin ta ƙare? Ya koma ya tambayi Ladi wai mijin da ya yarda da matarsa yakan tsaya yana auna inuwa don ya san lokacin dawowarta? Duk wanda ya yi wa tambaya, in zai tashi sai ya kakkaɓe riga ya ce, "Ni dai ban ce komai ba." Kafin wata biyu auren shekara goma sha ɗaya ya mutu. Ladi ta koma gidansu a Damana, idda na cika aka ga goron Na'Allah ya isa wurin ubanta. Ta ƙi shi, Allah ya yi mata albarka, amma gidan Sule har yau ba hayaƙi.

To bana maigidana ya shiga fili da baƙin fuska, sai ga shi da farar riga ta aro, ya karkata kai, yana shafa haɓa da yatsa biyu. Yaya, tun bai buɗe baki ba fili ya ɗauka. Tsofaffi na riƙe ciki, mata na faɗuwa a kan juna, har Sule da aka daɗe ba a ga haƙorinsa ba sai da ya dara. Abin da ya ƙara wa wasan gishiri, kumandan barikin ya zo kallo, an ajiye masa kujera, Na'Allah na tsaye bayansa dole ya riƙa juya masa maganar da Faransanci. Kumandan na dariya don ya ga ana dariya, Na'Allah kuma na murmushi yana fassara zagin kansa. Da Mai-Raɗa ya kakkaɓe riga ya ce shi dai bai ce komai ba, ihun da aka yi na tabbata makiyayan garin Sanam sun ji shi. Ni ma ina cikin masu dariya, har aka zo wurin da Mai-Raɗa ya sunkuya a kunnen mijin wasa ya tambaye shi ko ya lura rumbunsa na raguwa, na gidan surukansa kuwa ba ya ƙarewa. Nan dariyata ta tsaya, na ja gyale na rufe fuska.

Ga abin da ba ka sani ba. Shekara uku da suka wuce fara ta cinye gonakin Kurfai. Rumbun Inna ya ƙare tun kafin bazara, ta koma dafa ganyen jiga na daji, kuma ta hana ni gaya wa kowa. Sai na riƙa ɗibar gero daga rumbun maigidana ina kai mata a ɓoye, ina ce mata tsarabar kasuwa ce. Ran nan ya same ni da dami a ka a bayan gida. Bai daka mini tsawa ba, bai tambaye ni ina za ni ba. Ya ɗora mini dami na biyu, ya ce in bi ta bayan masallaci don can ba mutane, ya kuma rantse maganar ba za ta fita daga bakinsa ba. Shi ya sa da na ji zancen rumbu ya fito daga bakin nasa a gaban gari, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a ƙirji.

Na'Allah ya ga lokacin da na rufe fuska, don idonsa ba ya kan wasan, yana kan mutane. Kafin magariba ya isa ƙofar Baba Magagi. Ya yaba wasan, ya ce bai taɓa yin dariya irin ta yau ba. Sannan ya tambayi Baba ko ya lura da fuskar Haske sa'ad da aka zo zancen rumbu. Ya tambaya ko mai wasa kan iya ƙago abu haka da kyau in bai gani a gidansa ba. Ya tambaya, in jama'a sun koma gida, surukan wa za su ce sun ci geron sata? Ya kakkaɓe riga ya tafi. Baba ya aiko aka kira ni, ya zaunar da ni gaban Inna da kawunnanmu, ya ce in faɗi gaskiya. Ni kuwa a zatona gari duka ya riga ya sani, sai na fashe da kuka na zayyana komai, dami nawa, wace hanya, wane wata. Inna ta rufe kai don kunya. Baba ya ce mutumin da zai ciyar da surukarsa sannan ya mai da ita abin dariya a fili ba miji ba ne, ya ce ƙafata ba za ta taka bakin rijiya ba. Ba zan ɗora wa Baba duka laifin ba, Yaya. Ba a ɗaure ni ba, ba a rufe ƙofa ba. Ni ce zuciyata ta yi baƙi, na ce ya zauna can da fuskarsa ya ji yadda tonon asiri yake.

Kwana uku yana gindin gawo. Mata masu ɗibar ruwa suna kawo mini labari ko ban tambaya ba: yana sallarsa a can, rana ta narkar da man ya gangaro masa har wuya, ƙudaje sun dame shi, ƙanwarsa na ajiye masa tuwo daga nesa ta juya. Wasu sun ce masa ya goge abin da yashi ya shigo, ai wasa ne, ya ce ubansa bai taɓa goge wa kansa ba. Aka fara cewa a gari ai dama wanda ya iya Mai-Raɗa haka, halin yana cikin jininsa. Har aka samu masu tuna cewa an ga maigidana a maƙerar Sule kafin auren ya mutu. Ka ji yadda abin ya juya, cikin kwana uku wanda ya yi ɓarnar ya fita fes, wanda ya kwaikwaye shi ya zama shi ne mugun.

Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwa, sai ga Ladi ta zo daga Damana da daddawa. Ta shigo ɗakin Inna ta same ni kwance, ba ta ko zauna ba. Ta ce in gaya mata kalma ɗaya da Na'Allah ya faɗa wadda ba tambaya ba. Na laluba ban samu ba. Sai ta karkata baki ta rero mini zancen rumbun nan kaf, da muryar marigayi surukina, yadda muke kwaikwayonsa muna 'yan mata a hanyar rijiya. Yaya, kai ma ka san shi. Zancen rumbu yana cikin wasan tun kakanni, kowace shekara ana faɗinsa, bara da bara waccan ma maigidana ya faɗe shi ina can wurin dahuwar taron ban ji ba. Na ji shi ya fi sau ashirin ina dariya, bai taɓa yi mini zafi ba sai da na san ina da abin ɓoyewa. Ba wanda ya san zancen gerona a garin nan sai da na faɗa da bakina a gaban Baba. Ladi ta ce ita sai da aurenta ya mutu ta gane, ni kuwa nawa yana bakin rijiya yana jira, in ina so in zauna in yi ta kuka ga tabarma nan. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta ranar wasa nesa ba kusa ba.

Na tashi na ɗauki sabuwar ƙwaryar da na saya tun kafin wasa. Baba na zaune a zaure, ya ce in na fita kada in sake kiran sa uba. Na durƙusa na ce masa ya yi mini gafara, na tashi na wuce. Ban bi ta bayan gari ba, ta tsakiyar kasuwa na ratsa, ta rumfar masu gishiri da ta mahauta, ƙwarya a ka, sabulu a hannu. Mutane suka bar ciniki suka biyo ni. Na hango Na'Allah a rumfar mai goro, na tsaya daidai gabansa na ce da ƙarfi, ni Haske na ɗebi geron mijina na ciyar da uwata a shekarar fara, mijina ya sani, shi ya ɗora mini dami na biyu, duk mai tambaya ya zo ya tambaye ni. Ya fara shafa haɓa, sai ya tuna, ya sauke hannun da sauri, kasuwa kuwa ta kwashe da dariya.

Na sami maigidana ya rame, idanunsa sun yi ja, fuskar ta bushe ta tsattsage. Na yi zaton zai yi faɗa, da ma ya yi da na ji sauƙi. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko an ba jakinsa ruwa. Na ja guga da kaina, na durƙusa na yi ta cuɗa, sai da na canja ruwa sau huɗu, hannuna ya yi baƙi har gwiwa, ina wankewa ina kuka. Da fuskar ta fito na miƙe na ce, "Kailu, tashi mu tafi gida." Malam Alhassan ya ɗaga alƙalami yana kallona don na sake kama sunan, na ce ya rubuta, wannan shekara na ci bashin kwana uku, ina da damar faɗinsa sau biyu.

Kwana goma bayan haka gardi, wato dogaran bariki, suka zo da sunayen waɗanda za su yi wa Nasara dakon kaya zuwa garin Tawa, sunan maigidana ne na farko, alhali bara ma ya je. Kowa ya san bakin da ke karanta wa kumandan sunaye. Yau watansa biyar da tafiya, an ce sai bayan salla za a sako su. Ina gidansa, ina kula da rumbunansa da jakinsa. Baba har yanzu ba ya amsa gaisuwata, amma kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, zan kuma ci gaba har ya gaji. Inna kuwa, ran da aka tafi da su, ita ta daka masa guzuri da hannunta.

Yanzu na dawo kan takardarka. Na tambayi Idi wa ya rubuta wa Baba saƙon da aka kai maka, ya ce a ƙofar bariki aka rubuta shi, don Malam Alhassan ya ƙi. To ka san hannun da ya taɓa kunnenka. Kuma ka sa a sake karanta maka abin da ka aiko mini. Ka tambaye ni ko mace takan sami kwanciyar rai da mutumin da sana'arsa ita ce kwaikwayon mugu. Ka tambaye ni ko na tabbata dakon ne ya riƙe shi a Tawa. Ka tambaye ni ko ba zai fi mini ba in tafi yanzu da ba ya nan, a rabu ba tashin hankali. Ba inda ka ce in bar shi. A ƙarshe ka rufe da cewa kai dai ba ka ce komai ba, zaɓi nawa ne. Da Malam ya kai wurin nan sai da na ce ya tsaya ya maimaita. Tafiyar wata biyu tsakaninmu, ba ka taɓa ganin mutumin ba, amma ga maganarsa a bakin ɗan uwana.

Ban yi fushi da kai ba, don ni ma na sha wannan ruwa, kuma ina kusa, ina ganin fuskar mijina kullum. Amma tunda tambaya ake yi, ni ma ina da guda ɗaya, kuma ni zan amsa ta da kaina. Wa ya ciyar da Inna a shekarar fara? Ba kai ba ne, Yaya, don a shekarar ko ƙwayar goro ba mu gani daga Kumashi ba. Ban ce da gangan ka yi ba, na san hanya ta yi wuya. Amma mutumin da kuke so in bari, geronsa ne ya sa yau kake da uwar da za ka aiko wa gaisuwa. In kana da magana a kansa ka faɗe ta a miƙe, ni kuma in mayar maka da amsa a miƙe, kamar yadda muka saba tun muna yara muna faɗa a kan ƙanzo.

Ka gaishe mini da Dija da kyau, ka ce mata na gode da zaɓen zane, idonta ya iya. Ka shafa mini kan Abdullahi da Maimuna, ka gaya musu suna da gwaggo a Kurfai mai taurin kai irin na ubansu. Inna na gaishe ka, ta ce ka zo ta gan ka tun tana gane mutane. Maƙwabciyarmu Habsa da mijinta na gaisuwa, haka Ladi, haka Malam Alhassan da ya ce hannunsa ya gaji. Idi zai taso bayan kasuwa biyu, zai zo maka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, amma ba zai zo da ni ba.

Zanen da ka aiko don in yi tafiya da shi na karɓa, na gode. Zan ɗaura shi ranar da maigidana ya dawo daga Tawa. Dattawa sun tambaye ni ko zai sake yin Mai-Raɗa baɗi, na ce ko ya yi shakka ni zan kwaɓa masa baƙin tukunyar. Na riga na sayi ƙwaryar, tana rataye a ɗakina, kuma wannan karon tun kafin hantsi za a same ni a bakin rijiya.

Allah ya sada mu da alheri. Ni ce ƙanwarka da ba ta taɓa ɓoye maka abin da ke ranta ba,

Haske, daga ɗakin aurenta a Filinge.